Franz Boas (1858-1942): Rayuwarsa da Aikinsa a kan Harsuna da Al'adun 'Yan Asalin Amurka

Gabatarwa

Ɗalibin da ya rataya rikoda, ya ɗauki littafi da alƙalami, ya nufi ƙauye domin ya ɗauko tatsuniya ko kirari ko waƙar niƙa daga bakin masu ita, yana bin wata hanyar bincike ce wadda ba a daɗe da share ta ba. A cikin ƙarni na 19, yawancin Turawan da suka yi rubuce-rubuce a kan al'ummomin da ba nasu ba, a ɗakunan karatu suke zaune suna harhaɗa labaran matafiya da 'yan mishan da jami'an mulki, sa'an nan su yanke hukunci a kan mutanen da ba su taɓa gani ba, ba su kuma jin harshensu. Ɗaya daga cikin manyan waɗanda suka kawar da wannan salo shi ne Franz Boas, Bajamushe wanda ya koma Amurka da zama, ya kuma yi kusan shekara sittin yana nazarin harsuna da al'adun 'yan asalin Amurka ta Arewa, watau mutanen da Turawa suka tarar a can suka laƙaba musu sunan Indiyawa, da kuma Inuit waɗanda a da ake kira Eskimo.

Wannan maƙala za ta bi rayuwar Boas tun daga haihuwarsa har zuwa rasuwarsa. Za a ga yadda ya kafa ƙa'idar cewa ba a fahimtar al'umma sai ta harshenta, kuma ba a auna ta da mudun wata al'umma. Za a kuma ga wuraren da shi kansa ya gaza cika wannan ƙa'ida, da irin hakkin da ya rage a wuyansa na mutanen da ya yi aiki a cikinsu.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Franz Boas ran 9 ga watan Yuli na shekarar 1858 a garin Minden na ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne masu rufin asiri, waɗanda ra'ayin neman 'yanci na juyin 1848 ya ratsa su. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, mahaifiyarsa kuwa ita ta buɗe makarantar ƙananan yara a garin. Tun yana yaro yake sha'awar tsirrai da duwatsu da labarin ƙasashe masu nisa.

A shekarar 1877 ya shiga Jami'ar Heidelberg, daga nan ya koma Bonn, ya ƙarasa a Kiel inda ya sami digirin dakta a 1881. Fannin da ya karanta shi ne fiziks, ya haɗa da labarin ƙasa, kundinsa kuwa a kan launin ruwa ya rubuta shi. Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa launin ruwa da harsunan mutane. A wajen gwaje-gwajen da ya yi ne ya lura cewa launin da ido ya gani bai dogara ga ruwan kaɗai ba, har da shi mai kallon da abin da idonsa ya saba da shi. Wannan tambaya ta dangantakar da ke tsakanin abu da yadda mutum yake ganinsa ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Bayan ya yi shekara guda ta aikin soja, sai ya tafi Balin, ya kusanci manyan malamai biyu, Rudolf Virchow masanin jikin ɗan Adam da Adolf Bastian masanin al'adu, yana shirin wata tafiya.

Shekara Guda a Tsibirin Baffin

A watan Yuni na 1883 Boas ya shiga jirgin ruwa daga Hamburg ya nufi tsibirin Baffin da ke can ƙuryar arewacin Kanada, tare da wani baran gidansu mai suna Wilhelm Weike. Wata jaridar Balin ce ta ɗauki wani ɓangare na kuɗin tafiyar, shi kuma yana aiko mata da labarai. Nufinsa shi ne ya tabbatar da ra'ayin malaman labarin ƙasa na zamanin, cewa yanayin wuri ne yake tsara wa mutane yadda za su zauna da inda za su yi ƙaura.

Ya yi shekara guda cur a cikin Inuit. Ya sa irin tufafinsu na fata, ya kwana a ɗakunansu na ƙanƙara, ya ci ɗanyen naman dabbobin teku tare da su, ya yi tafiye-tafiye a kan abin hawansu na katako wanda karnuka ke ja, a cikin sanyin da in mutum ya yi sake sai ya rasa yatsunsa. Su ne suka zana masa taswirar gaɓar teku da hannunsu, suka gaya masa ɗaruruwan sunayen wurare, shi kuma ya rubuta su da harshensu maimakon ya raɗa musu sunayen Turawa kamar yadda matafiya suka saba. Zaman bai rasa ɗaci ba, domin cutar mashaƙo ta ɓarke ta kashe yara, har waɗansu suka zarge shi da cewa shi ya kawo ta.

Gani ya kori ji. Boas ya tarar cewa yanayin ƙasa yana iyakance abin da mutane za su iya yi, amma ba ya bayyana dalilin waƙoƙinsu da hane-hanensu da labaransu, domin waɗannan daga tarihinsu suka fito. Ya kuma ga cewa a wannan ƙasa shi mai digirin dakta shi ne jahili, rayuwarsa tana hannun mafarautan da ake kira marasa wayewa. A cikin wasiƙun da ya rubuta wa budurwarsa Marie Krackowizer ya bayyana cewa darajar mutum tana ga tarbiyyar zuciyarsa, kuma ya sami wannan a can kamar yadda ake samunta a Turai. Sakamakon tafiyar shi ne littafinsa a kan Eskimo na tsakiya wanda aka buga a 1888.

Gaɓar Tekun Pasifik da George Hunt

Da ya koma Jamus ya kama aiki a gidan ajiye kayan al'adu na Balin. A farkon 1886 aka kawo waɗansu mutum tara 'yan ƙabilar Nuxalk daga yammacin Kanada ana nuna su ga 'yan kallo, yadda aka saba yi a Turai a wancan zamani. Boas ya zauna da su yana rubuta kalmomin harshensu da waƙoƙinsu, kuma a cikin wannan shekara ya tafi ƙasarsu, lardin Biritish Kolombiya. A 1887 ya yanke shawarar zama a Amurka, ya sami aiki a mujallar Science a birnin Niyu Yok, ya auri Marie.

Mutanen da suka fi jan hankalinsa su ne waɗanda ya kira Kwakiutl, masunta da masassaƙa da ke zaune a arewacin tsibirin Vancouver, waɗanda yanzu suke kiran kansu Kwakwaka'wakw, harshensu kuma Kwak'wala. Ya same su cikin ƙunci. Annobar agana ta 1862 ta riga ta cinye jama'a masu yawa a wannan gaɓa. Gwamnatin Kanada ta yi doka a 1884 ta haramta babban bikinsu mai suna potlatch, inda basarake yake tara jama'a ya raba musu dukiya domin su zama shaidun naɗi ko aure ko gadon suna, kuma dokar ba ta faɗi ba sai 1951. Ana kuma kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana na mishan, inda ake hukunta yaro in ya yi magana da harshen uwarsa. Boas ya yi rubutu yana kare bikin, yana nuna cewa shi ne hanyar da mutanen suke ajiye dukiya da biyan bashi da tabbatar da hakki a gaban shaidu, tun da ba su da rubutu.

A 1888 ya haɗu da George Hunt, mutumin da ba a iya ba da labarin Boas ba tare da shi ba. An haifi Hunt a 1854 a Fort Rupert, mahaifinsa Bature ne ma'aikacin kamfanin ciniki, mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Tlingit, amma a cikin Kwakwaka'wakw ya tashi, harshensu ya sha, a cikinsu ya yi aure. A wajen babban baje-kolin duniya na Shikago a 1893 Boas ya koya masa yadda zai rubuta Kwak'wala da haruffan boko. Tun daga nan har rasuwarsa a 1933, shekara arba'in, Hunt yana bin dattawa yana rubuta tatsuniyoyi da salsalar gidaje da jawaban biki da addu'o'i da hanyoyin kamun kifi da na girki, yana sa fassarar Ingilishi a ƙarƙashin kowane layi, yana aikawa Niyu Yok ta gidan waya, ana biyansa gwargwadon yawan shafukan. Dubban shafuka ya rubuta. Abin da ya shafi aikin mata, kamar sarrafa kifi da dafa shi, yawanci daga bakin matarsa Lucy ya samo shi. A 1900 aka kama shi aka gurfanar da shi a kotu saboda halartar bikin da aka haramta, amma aka sallame shi. Daga wannan aiki ne manyan littattafan Boas a kan Kwakiutl suka fito, na 1897 da na 1902 zuwa 1905 da na 1921.

Gudummawarsa ga Nazarin Harshe

Ra'ayin da ke tashe a lokacin shi ne na irin su Lewis Henry Morgan, wanda a littafinsa na 1877 ya kasa tarihin ɗan Adam mataki uku, na zaman daji da na tsaka-tsaki da na wayewa, ya ɗora Turawa a sama. A kan wannan tsani ake jera komai, har kayan gidan tarihi da harsuna. A 1887 Boas ya ƙalubalanci Otis Mason na gidan tarihin ƙasa da ke Washinton, wanda yake tara kaya iri ɗaya daga ƙabilu dabam-dabam a akwati guda don ya nuna yadda suka ci gaba. Boas ya kawo misalin caki: wani abin wasan yara ne, wani kuwa kayan ibada ne, kamanninsu ɗaya amma ma'anarsu ta sha bamban, don haka ba za a gane kowanne ba sai an ajiye shi tare da sauran kayan mutanen da suka yi shi.

A 1889 ya buga wata gajeriyar maƙala wadda ta yi tasiri ƙwarai. Masana irin su Daniel Brinton sun ce sautukan harsunan Indiyawa ba su da tsayayyen furuci, yau a ji kalma haka gobe a ji ta dabam, suka ɗauki wannan alamar harshen da bai nuna ba. Boas ya duba nasa rubuce-rubucen ya ga shi ma ya rubuta kalma guda ta hanyoyi biyu ko uku. Sai ya nuna cewa bakin mai magana bai canza komai ba, kunnen baƙo ne yake jan sautin da bai sani ba zuwa ga mafi kusa da shi a harshensa. Ɗalibin Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin Turawan farko da suka rubuta Hausa ba su bambanta kafa da ƙafa ko bari da ɓari ba, kuma haruffa masu lanƙwasa ba su zauna a boko ba sai a shekarun 1930.

Hanyar da ya bi ita ce ya sami mai harshe ya zauna da shi, ya rubuta maganarsa kalma bayan kalma, ya fassara, sa'an nan ya fitar da nahawu da ƙamus daga cikin matanin. Ta haka ne a 1890 da 1891 ya sami wani dattijo, Charles Cultee, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage masu jin harsunan Chinook na bakin kogi da Kathlamet, ya rubuta labaransa aka buga a 1894 da 1901. Yawancin abin da aka sani game da waɗannan harsuna biyu daga bakin wannan mutum guda ya fito.

A 1911 aka buga juzu'i na farko na babban littafin jagora a kan harsunan Indiyawan Amurka, wanda Boas ya shirya, mai ƙunshe da nahawun harsuna goma. A cikin gabatarwarsa ya kafa ƙa'ida cewa kada a cusa harshe cikin ƙirar nahawun Latin, a bayyana shi bisa rabe-raben da ke cikinsa, kamar a ce mai harshen ne da kansa yake fayyace tunaninsa. Ya nuna cewa kowane harshe yana da abin da yake tilasta wa mai magana ya faɗa. Baturen Ingila dole ya nuna ko abu ɗaya ne ko jam'i, da lokacin da aiki ya auku. Mai Kwak'wala kuwa dole ya nuna ko abin da ake magana a kansa ana ganinsa ko ba a gani, ko yana kusa da mai magana ko mai sauraro ko nesa da su duka. Babu wanda ya fi wani hankali saboda wannan. A 1917 ya kafa mujalla ta musamman don nazarin harsunan Amurka.

Jinsi da Harshe da Al'ada

Bayan ya koyar a Jami'ar Clark daga 1889 zuwa 1892, ya kuma yi aiki a Shikago, Boas ya koma Niyu Yok a 1896 yana aiki a gidan tarihin halittu na Amurka yana kuma koyarwa a Jami'ar Kolombiya, inda ya zama farfesa a 1899. Shi ya jagoranci babban binciken Jesup daga 1897 zuwa 1902, wanda ya kwatanta mutanen gaɓar Amurka da na Saberiya a ƙasar Rasha.

Babbar aƙidar da ya yaƙa ita ce cewa jini da launin fata su ke haifar da hankali da al'ada. Tsakanin 1908 da 1910 shi da mataimakansa suka auna kawuna da tsawon baƙin haure da 'ya'yansu kusan 18,000 a Niyu Yok, suka tarar cewa siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta ɗan bambanta da ta 'yan'uwansu da aka haifa a Turai. Wannan ya girgiza masu cewa siffar ƙoƙon kai tabbatacciyar alamar jinsi ce da ba ta sākewa. Masana sun sake lissafa alkalumansa a 2002 da 2003, suka saɓa a kan girman bambancin. A littafinsa na 1911 mai suna The Mind of Primitive Man ya kafa hujja cewa jinsi da harshe da al'ada abubuwa uku ne dabam, kowanne da tarihinsa, mutane suna iya sake harshe ba su sake jini ba, suna iya aron al'ada ba su sake harshe ba. Tun a 1906, bisa gayyatar W. E. B. Du Bois, ya yi jawabi ga ɗaliban Jami'ar Atlanta baƙaƙen fata, ya ba su labarin daulolin Afirka kudu da Sahara da ƙwarewar mutanenta a ƙira, a lokacin da ake koya musu cewa kakanninsu ba su da tarihi. Duk da haka majalisar Amurka ba ta saurare shi ba, a 1924 ta yi dokar taƙaita shigar baƙi bisa asalin ƙasarsu.

Inda Aikin Ya Yi Tabo

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. A tafiye-tafiyensa na farko a Biritish Kolombiya, Boas ya haƙa kaburburan 'yan ƙasa a ɓoye ya kwashi ƙoƙunan kai da ƙasusuwa, ya sayi waɗansu daga hannun masu satar su, ya kuma sayar wa gidajen tarihi. A littafinsa na yau da kullum ya nuna aikin yana ƙona masa rai, amma bai bari ba. Sai a 1990 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa gidajen tarihi mayar da irin waɗannan ƙasusuwa ga zuriyar masu su.

Abin da ya fi wannan muni ya auku a 1897. Boas ya roƙi matafiyi Robert Peary ya zo masa da mutum guda daga arewacin Girinlan domin a yi nazari, Peary ya zo da shida. Ba a yi musu wani tanadi ba, tarin fuka ya kama su, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni. A cikin mamatan akwai Qisuk, wanda ya zo da ƙaramin ɗansa Minik. Ma'aikatan gidan tarihi suka shirya jana'izar ƙarya, suka binne gungumen itace a gaban yaron, suka ajiye ƙwarangwal ɗin uban a cikin kayansu. Da Minik ya girma ya gano gaskiya, ya yi ta roƙon a ba shi ƙasusuwan mahaifinsa, aka hana shi, Boas kuma bai ga laifin abin da aka yi ba. Minik ya rasu a annobar mura ta 1918, ƙasusuwan kuwa ba a mayar da su Girinlan ba sai 1993.

Akwai kuma aibin da ke cikin hanyar binciken kanta. Boas ya ɗauka waɗannan al'ummomi suna gab da ƙarewa, don haka ya himmatu ga ceto abin da ya ɗauka na gargajiya ne zalla, ya kau da kai daga rayuwar da mutanen suke ciki a gabansa, ta ƙwadago a masana'antun gwangwanin kifi da ƙwace filaye da makarantun kwana. Game da George Hunt kuwa, Boas ya fi tsararrakinsa adalci, domin ya sa sunansa a bangon waɗansu littattafan. Amma suna da muƙami na Boas ne, an daɗe ana ɗaukar Hunt tafinta kawai, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A ƙarshen rayuwarsa Hunt ya rubuta ɗaruruwan shafuka na gyaran kurakuran littafin 1897, Boas bai buga su ba. Irin wannan ya saba aukuwa a wancan zamani, har a tarin tatsuniyoyin Hausa na Rattray na 1913, wanda Malam Shaihu ne ya rubuta matanin da ajami.

Almajiransa

Boas malami ne mai tsanani, ba ya son a kafa babbar nazariyya a kan ƙaramar hujja. Duk da haka kusan duk manyan sassan nazarin ɗan Adam na jami'o'in Amurka almajiransa ne suka kafa su ko suka riƙe su: Alfred Kroeber da Robert Lowie da Edward Sapir da Ruth Benedict da Margaret Mead da Melville Herskovits. Ya buɗe ƙofa ga mata a lokacin da jami'o'i ke rufe musu ita, ya kuma jawo 'ya'yan al'ummomin da ake nazari su yi binciken da kansu. William Jones ɗan ƙabilar Meskwaki ya sami digirin dakta a hannunsa a 1904. Zora Neale Hurston ta tattara tatsuniyoyin baƙaƙen fatar kudancin Amurka aka buga a 1935. Ella Deloria 'yar ƙabilar Dakota ta fitar da matanin harshenta a 1932, sa'an nan ita da Boas suka wallafa nahawun Dakota a 1941, ko da yake ta yi rayuwarta ba tabbataccen albashi ba kujerar jami'a.

Ta wannan silsila ce aikin Boas ya iso ga Hausa. Joseph Greenberg ya halarci darasinsa na harsunan Indiyawa a Kolombiya, ya yi digirin dakta a hannun Herskovits, ya zo ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya yi bincike a cikin Maguzawa, littafinsa ya fito a 1946. Kafin nan masana irin su Carl Meinhof sun sa Hausa da Fulatanci a wani rukuni da suka kira na Hamawa, suna cuɗanya hujjar harshe da ta launin fata da kiwon shanu. Greenberg ya yi aiki da ƙa'idar raba jinsi da harshe, ya rushe wannan rukuni a maƙalunsa na 1949 zuwa 1954 da littafinsa na 1963, ya tabbatar da Hausa a reshen Cadi na gidan Afro-Asiya, ya mayar da Fulatanci cikin danginsa na Afirka ta Yamma.

Ƙarshen Rayuwarsa

Boas bai iya yin shiru ba in ya ga abin da bai yarda da shi ba. A 1919 ya rubuta wa mujallar The Nation wasiƙa yana zargin waɗansu masana huɗu da fakewa da bincike suna yi wa gwamnatin Amurka leƙen asiri a Amurka ta Tsakiya lokacin yaƙi. Ƙungiyar masana ɗan Adam ta Amurka ta yi Allah wadai da shi, ba ta janye wannan hukunci ba sai 2005. Jarrabawa kuma ta yi masa yawa. A 1915 aka yi masa aiki a fuska, gefe guda ya shanye. 'Yarsa ta rasu da cutar shan inna a 1924, ɗansa ya rasu a haɗarin jirgin ƙasa a 1925, mota ta kaɗe matarsa Marie ta rasu a 1929. Duk da haka a ƙarshen 1930, yana da shekara 72, ya koma Fort Rupert da na'urar ɗaukar hoto mai motsi da ta ɗaukar murya, ya ɗauki raye-raye da waƙoƙi tare da Hunt.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a Jamus a 1933, ya rubuta wa Shugaba Hindenburg buɗaɗɗiyar wasiƙa yana sukar aƙidarsu ta fifikon jinsi, su kuma suka sa littattafansa cikin waɗanda aka ƙona. Ya yi ritaya a 1936, ya ci gaba da nema wa malaman da suka gudo daga Turai aiki. Ran 21 ga watan Disamba na 1942, yana cikin liyafar da ya shirya a Kolombiya domin girmama masanin Faransa Paul Rivet, yana tsakiyar magana a kan yaƙi da wariyar jinsi, sai ya faɗi ya cika. Yana da shekara 84.

Kammalawa

Hasashen Boas na cewa waɗannan al'ummomi za su shuɗe bai tabbata ba. Kwakwaka'wakw suna nan, sun dawo da bikinsu a fili bayan 1951, sun kuma buɗe cibiyar al'adu ta U'mista a Alert Bay a 1980 domin ajiye kayan biki da gwamnati ta ƙwace a 1922 aka dawo musu da su. Masu jin Kwak'wala sosai sun ragu ƙwarai, kuma cikin abin da masu farfaɗo da harshen suke dogara da shi akwai shafukan nan da Hunt ya rubuta Boas ya buga. A 2019 cibiyar ta haɗa kai da masana a Niyu Yok suka shirya nuni a kan littafin 1897, suka fito da gyare-gyaren Hunt, suka danganta kayayyaki da waƙoƙi ga gidajen da suka mallake su.

Abin da ya sa aikin ya yi amfani bayan shekara fiye da ɗari shi ne an rubuta maganar mutane da harshensu, yadda jikokinsu za su iya karantawa su gyara fassarar mai bincike. Sharhin masani yakan tsufa, amma matanin da aka ɗauka da aminci yana nan. Wuraren da aikin ya yi tabo kuwa su ne inda aka ɗauki abu ba da yardar masu shi ba, ko aka ɓoye sunan wanda ya faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mai bincike, baƙo ne ko ɗan gida, amana ce yake karɓa daga bakin mutane, kuma cikar amanar ita ce ya nemi izini, ya rubuta daidai, ya ambaci mai magana, ya mayar wa jama'a da abin da ya samo.